Filin Tambaya da Amsa: Taurarin da Ba Sa Ƙiftawa

Wasiƙun wannan wata kusan dukansu a kan sama suka tsaya, musamman a kan duniyoyin da ake hange da dare. Na zaɓi shida, na taƙaita wasu saboda fili.

Assalamu alaikum Malam. Ni mai gadi ne a wata makaranta a Gusau, dare duk nawa ne. Ɗana da ke sakandare ya ce min cikin taurarin da nake kallo akwai waɗanda ba taurari ba ne, duniyoyi ne irin tamu. Da gaske ne? In haka ne, ta yaya zan gane su, ni da ba ni da na'ura?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yaronka ya yi gaskiya, Allah Ya yi masa albarka. Kuma ina tabbatar maka kana ganinsu tun tuni, sunayensu ne kawai ba a faɗa maka ba. Guda biyar ne ake gani da ido ƙuru-ƙuru: Mercury, Venus, Mars, Jupiter da Saturn. Malamanmu na zaure sun san su da Uɗarid, Zuhura, Mirrih, Mushtari da Zuhal. Tauraro na gaskiya rana ce mai cin wutar kanta, nisa ne ya mayar da ita ɗigo. Su kuwa waɗannan biyar ba su da hasken kansu, na rana suke karɓa su maido mana, kamar yadda wata yake yi.

Abu na farko, ka san hanyarsu. Da rana ka lura da inda rana take fitowa, inda take bi, da inda take faɗuwa. Da dare wata ma kusan ta nan yake bi. To duniyoyin nan ba sa kauce wa wannan hanya sai kaɗan, domin su da duniyarmu duk kusan a shimfiɗa ɗaya muke zagaya rana. Duk hasken da ka gani can ƙuryar arewa ko can ƙasa-ƙasa a kudu, komai ƙarfinsa, tauraro ne. A nan mu Allah Ya yi mana gata. Gusau, Kano, Katsina, Maraɗi, duk muna tsakanin digiri 12 zuwa 14 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka wannan hanya kusan ta saman kanmu take ratsawa. Mai kallo a Ingila sau da yawa yakan samu duniyoyin sun yi ƙasa a kudu, yana hangensu ta cikin iska mai kauri. Kai kuwa ɗaga kai kawai za ka yi.

Na biyu, yanayin hasken. Tauraro yana ƙifta, duniya tana tsayawa cak. Dalili shi ne tauraro saboda tsananin nisa ɗigo ɗaya ne tak, da iskar da ta lulluɓe mu ta ɗan motsa sai hasken ya yi rawa. Duniya kuwa tana kusa, tana da ɗan faɗi ko da idonka bai iya rarrabewa ba, sai rawar wannan gefe ta shafe ta wancan. Ka gwada da Shi'ira, wanda ya fi kowane tauraro haske da dare. A lokacin sanyi bayan isha'i yana kudu maso gabas, za ka ga yana walƙiya har da canza launi, fari, shuɗi, ja-ja. Ka kwatanta shi da Jupiter in tana sama, fara tas mai nutsuwa, ko motsi ba ta yi. Daga ranar ba za ka ƙara rikita su ba. Amma ka sani, in duniya ta yi ƙasa sosai dab da faɗuwa ita ma takan ɗan yi rawa, don haka ka yi hukunci lokacin da take sama.

Na uku shi ne wanda na fi so, kuma aikinka ya fi na kowa dacewa da shi. Taurari ba sa canza mazauni tsakaninsu. Kaza da 'ya'yanta yadda kakanka ya gan su haka kake ganinsu. Duniyoyi kuwa yawo suke yi a tsakanin taurarin. Kada ka haɗa wannan da tafiyar da sama gaba ɗaya take yi daga gabas zuwa yamma kowane dare, wannan juyin duniyarmu ne. Ka samu takarda, ka ɗiga abin da kake zargi da taurari uku ko huɗu da ke kewaye da shi. Ma'auninka hannunka ne: ka miƙe shi sosai, dunƙulen hannu digiri 10 ne, ɗan ƙaramin yatsa kuwa kusan digiri 1. Bayan mako biyu ka sake zanawa. In Mars ce za ka ga ta gusa ƙwarai, don a yawancin lokaci tana cin fiye da rabin digiri a kwana. Jupiter sai ta yi kusan shekara 12 kafin ta gama zagaye, buruji ɗaya ke nan a shekara. Saturn ta fi kowa nawa a cikin biyar ɗin, shekara 29 da rabi.

Malam, kakata ta rene ni da cewa Zara matar wata ce, in ta ɓace wai yaji ta yi. Gamzaki kuma shi ne na asuba. Yanzu an ce min abu ɗaya ne. Yaya abu ɗaya zai zama a yamma kuma a gabas? Daga wata matar aure a Damagaram.

Hajiya, Allah Ya jiƙan magabata, sun lura da sama fiye da mu. Abin da aka faɗa miki haka ne: Zara da Gamzaki duk Venus ce. Kuma ga hujjar da za ki iya tabbatarwa da idonki. A watannin da Zara take haskawa bayan magariba, ki tashi da asuba ki nemi Gamzaki, ba za ki same shi ba. In kuwa kin ga wani abu mai haske a gabas a lokacin, to Jupiter ce ko Shi'ira, kuma haskensu bai kai nasa ba.

Venus ta fi mu kusa da rana, hanyarta tana cikin tamu. Shi ya sa daga nan ba ma taɓa ganinta ta yi wa rana nisa fiye da digiri 47, dunƙulen hannu biyar ma bai cika ba. In tana gabas da rana, sai rana ta riga ta faɗuwa, ita ta saura a yamma na sa'a uku ko ƙasa da haka: Zara ke nan. In ta koma yamma da rana, sai ta riga rana fitowa: Gamzaki ke nan. Ba za ki taɓa ganinta a tsakiyar sama da tsakar dare ba. Zagayen gaba ɗaya kwana 584 ne. Takan yi kusan wata tara tana Zara, ta ɓace kamar mako guda lokacin da take ratsawa tsakaninmu da rana, ta fito tana Gamzaki na wani wata taran, sannan ta sake ɓacewa na kusan wata biyu ta bayan rana. A 2026, misali, tsakiyar Agusta ne lokacin da ta fi yi wa rana nisa da yamma, ƙarshen Oktoba ta ratsa tsakaninmu da rana, a Nuwamba kuma ta zama Gamzaki.

Zancen zama matar wata ma yana da tushe. Jinjirin wata a yamma yake tsayawa bayan magariba, daidai unguwar da Zara take, don haka duk farkon wata sai a gan su kusa da juna. Ina roƙon masu fita duban watan azumi da na salla su san inda take a ranar. In akwai hazo kuma ta yi ƙasa, haskenta yakan baje, mai ɗoki yana iya ɗauka jinjirin ne.

Haskenta kuwa daga gajimare ne. Gajimare mai kauri na asid, irin wanda ke cikin ruwan batirin mota, ya rufe ta ruf, yana maido kusan kashi uku cikin huɗu na hasken ranar da ya sauka a kansa. Ga kusanci, don takan matso har kusan kilomita miliyan 40. A ƙarƙashin wannan kyan akwai zafin da ya kai digiri 465, wanda yake narkar da dalma. Wanda ya dube ta da na'urar hangen nesa zai ga tana cika tana raguwa kamar wata, wani lokaci rabi, wani lokaci siririya. Galileo ɗan Italiya ya ga haka a 1610, kuma hakan ya zama babbar hujja cewa rana take zagayawa.

Tunda muna wannan unguwa, 'yar'uwarta Mercury ma haka take yi, sai dai ita ba ta wuce digiri 28 daga rana. Takan bayyana kamar sau uku a shekara da yamma, sau uku da asuba, na mako ɗaya ko biyu. Ki neme ta minti 30 zuwa 45 bayan faɗuwar rana, ƙasa-ƙasa, a inda babu gini ko bishiya. A ƙasashenmu ta fi sauƙin kamawa fiye da Turai, saboda hanyar rana a nan kusan a miƙe take sauka.

An turo mana a WhatsApp cewa ranar 27 ga Agusta za a ga wata biyu a sama, wai Mars za ta yi girma kamar wata. Mun fita ba mu ga komai ba. Ko hadari ne ya rufe? Daga wata ɗaliba a Maiduguri.

'Yata, ba hadari ba ne, saƙon ne ƙarya, kuma ya tsufa. Asalinsa daga 2003 ne. Ranar 27 ga Agusta ta waccan shekarar Mars ta matso mu kusan kilomita miliyan 56, kusancin da ba a yi irinsa ba cikin shekaru kusan 60,000. Wani bayani da ya yaɗu a intanet a lokacin ya ce in aka dube ta da na'urar da ke ƙara girma sau 75, za ta yi daidai da wata a ido. Masu turawa suka yar da zancen na'urar da shekarar, saƙon ya ci gaba da dawowa duk Agusta. Ki yi lissafin da kanki. Wata yana nisan kilomita 384,000. Mars ta ninka shi faɗi sau biyu kacal, amma ko a wancan kusancin ta fi shi nisa sau 145. Yaya za su yi daidai?

Abin yana min ciwo, domin duk wanda aka fitar da shi waje da ƙarya, ran da aka gaya masa gaskiya ba zai fita ba. Alhali gaskiyar Mars ta isa kallo. Duk wata 26 duniyarmu takan ratsa tsakaninta da rana, sai ta fito daga gabas da magariba, ta kwana a sama, tana haske ja mai ruwan lemo. Haka aka yi a Oktoban 2020, Disamban 2022 da Janairun 2025, na gaba kuma Fabrairun 2027. Jan nan tsatsa ce, ƙasarta cike take da ƙurar ƙarfen da ya yi tsatsa. A sauran lokuta takan dusashe har ki wuce ta ba ki kula ba. Kada kuma ki rikita ta da Ƙalbul Aƙrab, jan tauraron da ke kudu da daren damina, shi yana ƙifta.

A waɗannan watanni na kusanci ne take yin abin mamaki. Kullum tana gusawa gabas a tsakanin taurari, sai ta rage gudu, ta tsaya, ta koma yamma na fiye da wata biyu, ta sake tsayawa, ta ci gaba da tafiyarta. Ba ta juya ba. Kin san in motarku ta zo wuce babbar mota a hanyar Damaturu, kina kallonta ta taga sai ki ga kamar baya take yi, alhali gaba kuke yi duka? Mu ne muke wuce Mars, don mu kwana 365 muke zagaye, ita kwana 687. Malaman tafsiri da dama sun fassara aya ta 15 da ta 16 na Suratut Takwir, masu magana a kan taurari masu komawa baya, masu gudu, masu ɓuya, da waɗannan duniyoyi biyar.

Malam, ɗana ya dame ni in saya masa na'urar hangen nesa. Na ga wata an rubuta a kwalinta tana ƙara girma sau 600, kuma ba ta da tsada. In saya? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Alhaji, kada ka saya. Abin da ke sa na'ura ta yi kyau faɗin gilashinta na gaba ne, don shi ke tara haske. Ƙa'idar da masu harkar suke bi ita ce, iyakar girman da za a samu hoto mai kyau bai wuce ninki biyu na faɗin gilashin a milimita ba. Gilashi mai milimita 60 iyakarsa sau 120. Abin da ya wuce nan dishi-dishi ne. Ga kuma ƙafafun irin waɗannan, sirara ne, ko numfashi yaro ya yi sai hoton ya yi ta girgiza. Mako biyu za ka tarar da ita a saman sif.

Ka fara saya masa madubin hangen nesa na hannu, mai ido biyu, wanda aka rubuta 10x50 a jikinsa. Goman ita ce ƙarin girma, hamsin ɗin faɗin gilashi. Ya nemi Jupiter, ya kafa gwiwar hannunsa a kan katanga ko rufin mota don kada ya yi rawa, ya ɗan riƙe numfashi. Zai ga ɗan farin ƙwallo, a gefensa kuma 'yan ɗigo-ɗigo a jere a layi ɗaya, biyu, uku ko huɗu. Watanninta ne manya: Io, Europa, Ganymede da Callisto, waɗanda Galileo ya gano a Janairun 1610 da na'urar da ba ta kai ta kasuwa ta yau kyau ba. Ka sa ya zana su a littafi kowane dare. Yau uku a hagu ɗaya a dama, gobe sun sake jeri, jibi ɗaya ya ɓace a bayan uwar. Io cikin sa'a 42 yake gama zagaye. Lokacin da nake koyarwa nakan fitar da 'yan aji filin ƙwallo bayan isha'i su yi wannan zane, kuma na ga yadda yaron da ba ya ko ɗaga hannu a aji yake zuwa washegari da littafinsa a buɗe yana gardamar wane ɗigo ne ya koma ina. Jupiter takan fi kyau duk wata 13: Disamban 2024, Janairun 2026, Fabrairun 2027.

In ya yi wata shida bai gaji ba, to ya cancanci na'urar gaske, mai gilashin milimita 70 ko fiye, da ƙafafu masu nauyi. Da ita zai ga zoben Saturn, a ƙarin girma sau 40 ko 50. Ƙarama ce ƙwarai a ciki, launin ruwan ƙwai, amma zoben a fili yake. A Maris na 2025 zoben ya juyo mana da gefensa har ya kusa ɓacewa, daga nan yana ta buɗewa har wajen 2032, don haka shekaru masu kyau ne ke gaba. Ka gaya masa tun wuri ba zai ga irin hotunan da kumbo ke ɗauka ba, don kada ransa ya ɓaci. Uranus, wadda William Herschel ya gano a 1781, da Neptune, wadda aka gano a 1846 bayan lissafi ya nuna inda take, ɗigo ne kawai a ƙaramar na'ura, ya bar su sai ya ƙware.

Gargaɗi ɗaya, kuma ka faɗa masa da kakkausar murya: kada ya kuskura ya dubi rana da ko wanne daga cikinsu, ko na ƙiftawar ido. Makanta ce da ba ta da magani. In Mercury ko Zara zai nema, sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Da hunturu kuma ya riƙa rufe gilashin, kada ya goge ƙura da bakin riga, yana karce shi.

Wani lokaci bayan magariba ina ganin tauraro yana tafiya a hankali har ya ƙetare sama. Shi ma duniya ce? Daga wani manomi a Birnin Kudu.

A'a, Malam. Tafiyar duniya ba a ganinta a zama ɗaya. Wannan tauraron ɗan Adam ne. In yana da haske sosai, ba ya ƙifta, ya ƙetare cikin 'yan mintuna, mai yiwuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ce, wadda take nisan kilomita 400 tana zagaya duniya duk minti 90. In jerin gwano ka gani, na Starlink ne, masu kawo intanet, da ba a daɗe da harbawa ba. Mai fitila ja da kore yana kunnawa yana kashewa jirgin sama ne.

Malam, ina sha'awar abin, amma yayana ya ce kallon taurari hanyar duba ce da bokanci. Kuma in babu laifi, wane lokaci ya fi? Daga wani matashi a Zangon Kumasi.

Ɗana, tsoron yayanka yana da dalili, kada ka raina shi. Akwai masu cewa tsayuwar Zuhal a buruji kaza tana kawo mutuwa ko arziki, ko ta faɗi wadda za ka aura. Wannan shi ne abin da malamai suka hana, kuma ilimin kimiyya ma bai samu komai a cikinsa ba. Saturn tana nisan fiye da kilomita biliyan ɗaya, ba ruwanta da cinikinka. Sanin inda suke da lissafin tafiyarsu kuwa shi ne ilimin falaki, wanda Musulmi suka yi amfani da shi wajen gane alƙibla da lokutan salla, manomanmu kuma suke ƙirga manzilolin taurari da shi don sanin shiga da fitar damina. Ka kai wa malaminku bayanin yadda na faɗa, ka ji ta bakinsa, ka kuma gayyaci yayan naka ya duba tare da kai.

Maganar lokaci, a ƙasar Hausa babu kamar kaka, daga Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba: ruwa ya wanke sama, hazon hunturu bai sauko ba. Daren da aka yi ruwa da yamma gari ya washe shi ma yana da kyau. Ku a Kumasi gajimare ya fi yawa, sai ka riƙa kama duk daren da ya buɗe, kuma farkon rani kafin ƙura ta yi kauri ya fi. Hasken gari ba ya ɓoye Venus, Jupiter, Mars ko Saturn, daga tsakar gida ma za ka gan su, sai dai ka juya wa fitila baya. Taurarin da za ka auna tafiyarsu da su ne suke bukatar duhu, kuma ido yana ɗaukar kamar minti 20 kafin ya saba, da ka kalli fuskar waya sai ka koma farko. Akwai manhaja ta kyauta mai suna Stellarium, tana nuna abin da ke sama a garinka a kowace sa'a. Ka duba ta a ɗaki kafin ka fita, ka haddace inda abin yake, in kuma dole ka buɗe ta a waje ka kunna mata jan haske na dare.